Ƙofarmu Mai Zobe Biyu

Na ga saƙonninku duka. Masu tambaya ko an ɗaura ne, ba a ɗaura ba. Masu cewa Gizlan ta samu mai kantin magani ta manta da mu, Allah ya yafe muku. Shirun da na yi na rashin bakin magana ne, don abin da zan ba ku yau, ko yanzu da nake rubuta shi sai in ajiye wayar in yi ta kallon bango.

Wadda ta shigo yau ba ta san ni ba, shekarata ashirin da bakwai, wanda a lissafin Mama daidai yake da sittin. Gidanmu yana can cikin tsohon birnin Fas, a lungun da in alfadari ya shigo da kaya sai kowa ya tsotse cikinsa. Sana'ata ƙulla maɓallan siliki na kaftani, a ɗakin sama nake zama, jikin tagar katako mai ƙananan huji da ke daidai saman ƙofar gida. Ina ganin kowa, ba mai ganina. Ta wannan tagar na fara ganin Nawfal.

Nawfal ɗan rakiyar baƙi ne, masu yawon buɗe ido. Farar jallabiya, takalmin fata ruwan ɗorawa, katin hukuma rataye a wuya, ga wata wushirya da ba ta da aiki sai hana 'ya'yan mutane sukuni. Kullum da hantsi yake shigowa lungunmu da Turawansa a baya, su yi cirko-cirko a ƙofar gidanmu, saboda tana cikin 'yan ƙofofin da suka rage da zobensu biyu na asali. Na haddace jawabinsa kamar karatun allo.

"Wannan babban na sama, mai kaurin murya, na baƙi ne," haka yake ce musu. "In ya yi ƙara, matan gida su ja mayafi, maigida ya fito da kansa. Wannan ƙaramin na ƙasa kuwa na 'yan gida ne, kowa ya ji shi ya san nasa ne ya dawo. Na sama zan buga muku, don ni baƙo ne. Na ƙasa ba a taɓa shi sai an zama ɗan gida."

Sai ya ɗaga zoben ya buga a hankali, biyu a jere, ya ɗan dakata, ya ƙara ɗaya. Daga nan ya bi su da gargaɗin da yake yi wa kowane ayari. Su sa takalmi marar tsini, don tsohon gari bai san mota ba. In sun ji an ce balak, kada su tsaya tambayar ma'anarsa, su manne da bango, alfadari ba ya jin Faransanci. Kada su ɗauki hoton mutum ba su nemi izininsa ba. In an miƙo musu ganyen na'ana'a a bakin majema su karɓa, hancinsu zai sa musu albarka. Na ƙarshe shi ne wanda ya fi nanatawa: in kun ɓata, kada ku yi ta yawo, ku tsaya inda muka rabu, zan dawo in same ku.

Wata rana ya ce wa baƙinsa gidanmu ya shekara ɗari shida, alhali kwana ɗaya kafin nan ɗari huɗu ya ce. Dariya ta kuɓuce min, ya ɗaga kai ya dubi tagar. Bai ga komai ba, amma sai ya ce wa baƙin su rubuta lambarsa ko da za su ɓata, ya karanto ta a hankali har sau biyu, da Larabci. Cikin mutanen nan ko mutum ɗaya babu mai jin Larabci. Ni dai ban san lokacin da na ajiye allura na ɗauki waya ba.

Na rubuta masa: "Jiya ɗari huɗu, yau ɗari shida. A dare ɗaya muka tsufa haka?"

Ya amso: "Faransawa sun fi son tsohon abu. Wa ke magana, ƙofar ce ko tagar?"

Kun san sauran, ku da kuka daɗe tare da ni. Fiye da shekara muna haka. Mun haɗu 'yan lokuta a lambun Jinan Sabil, da rana tsaka, a idon jama'a, yana kawo min 'ya'yan itacen garinsu Safru a ƙunshin takarda. Amma gaskiyar soyayyarmu a jikin ƙofar nan take. Biyu a jere, ɗan dakatawa, ɗaya. Ga Turawa misali ne, gare ni kuwa ina kwana ce.

Abin da ban taɓa faɗa masa ba shi ne dokar Baba. Ba Nawfal kaɗai ke tsayawa a ƙofarmu ba, 'yan rakiya sun fi goma, kuma ba kowa ke da hannu mai sanyi ba. Wasu ma Turawan suke ba wa su gwada, su yi ta dukan ƙarfen kamar masu bin bashi. Baba tsohon malamin makaranta ne, mutum mai son barcin rana da son a bi tsari, ya gaji da tasowa ya buɗe ƙofa ya tarar da waya ashirin suna haska masa fuska. Sai ya yanke hukunci, daga yau ko wa ya buga zoben sama ba za a buɗe ba, mai nemanmu da gaske ya kira a waya. Na ɓoye wa Nawfal wannan don na san shi da kunya. Da ya ji, da ya daina bugawa, ni kuma da me zan karya kumallo?

Ana cikin haka maganar Si Taufik ta taso, ɗan ƙawar Mama ne, mai kantin magani a birnin Kaza, can bakin teku. Ba zan yi masa sharri ba, mutumin kirki ne. Kullum da safe sai saƙonsa ya shigo, yana fatan na tashi lafiya kuma ina shan ruwa isasshe. Mama kuwa in an ambaci sunansa har wani gyara zama take yi. Da na ga abin na neman yin nisa, na same ta a kicin tana feraye karas, na ce mata akwai wani. Ta tambayi aikinsa, na faɗa. Sai da ta ƙarasa feraye wanda ke hannunta.

"Mai yawo da Turawa," in ji ta daga ƙarshe.

"Da takardar hukuma yake yi, Mama. Harshe huɗu yake ji."

"Ko goma yake ji. Ni ba zan tilasta miki kowa ba, Gizlan, amma ki ji da kyau. Mai so ƙofa yake bugawa, ba waya ba. In da gaske yake, ina mahaifiyarsa, ina sukarinsa na neman aure? Mutanen Kaza sun ce bayan sun gama gyaran gida za su zo. Wanda ya riga sallama shi za a shimfiɗa wa darduma."

Na kwashe duka na rubuta wa Nawfal. Amsarsa gajeriya ce, wai in ce wa Mama ta fito da kofunan baƙi ta wanke. Sai ni da bakina na roƙe shi kada ya faɗa min ranar. Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa tawa fuskar ba ta iya riƙe komai, Mama za ta karance ni tun kafin in sauko daga bene. Ya ce to, zan ji a ƙofa.

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar. Ina zaune a tsakar gida kusa da famfon ruwa, kaina a tsakanin gwiwoyin Mama, ta cika min gashi da lalle tana tsefewa, ga tsohuwar rigar aikin gida a jikina wadda hannunta ɗaya ya yage. Baba yana ɗakinsa na kusa da soro, ya kishingiɗa. Sai na ji. Biyu a jere, ɗan dakatawa, ɗaya.

Na sunkuyar da kai don kada Mama ta ga murmushina. A kwanakin nan baƙi sun yi yawa, yakan yi ayari biyu a rana, na ce a raina yau ma ya samu na yamma. Ku da ke karantawa kun riga kun gane, na sani. Ni ban gane ba. Bugun nan na saba da shi har ya zama min gaisuwa, na manta asalinsa kira ne.

Aka sake bugawa, wannan karon da ɗan ƙarfi. Mama ta ja tsaki. Aka jima, aka buga na uku. Sai muka ji muryar Baba daga ɗakinsa, irin muryar da yake tsawata wa aji da ita a da.

"Mun ji! Ba za a buɗe ba! Ku je ku nemi wata ƙofar, ƙofofi ba su ƙare a garin nan ba!"

Waje ya yi tsit. Mama ta ce madalla, ta ci gaba da tsifa. Ni kuwa dariya nake ta dannewa, ina hango Nawfal yana ƙoƙarin fassara wa Turawa abin da mai gidan ya ce. Bayan magariba, da na wanke kaina, na ɗauki waya na rubuta masa abin da har in mutu ba zan manta ba: "Ka ji Baba yau? Wallahi ina ciki ina jin ku, sai da na yi dariya har da hawaye." Na jera masa fuskokin dariya guda uku.

Alamar nan biyu suka yi shuɗi. Bai amsa ba. Da safe na duba, hotonsa ya ɓace daga wayata, na kira layin bai shiga ba. Hantsi ya yi, ya wuce, ba farar jallabiya a lungunmu.

Ban san yadda zan kwatanta muku makonnin da suka biyo baya ba. Da farko na yi fushi, na ce don Baba ya ɗaga murya sau ɗaya shi ne za a yi min wannan? Fushin bai yi kwana uku ba ya narke, ya bar ni da kewa tsagwaronta. Kowace safiya ina jikin taga. Wasu 'yan rakiyar suna zuwa, su yi jawabin zoben nan, wani ma ya juya shi ya ce na sama ne na mata, su buga su wuce. Duk farar riga da ta karyo kwanar lungu sai in manne da taga, in ta matso in ga mai gemu ne ko mai tumbi. Na ƙulla wa wata amarya maɓallai kore a kan kaftani ruwan hoda, sai da tela ya aiko yana tambaya ko idona lafiya. Abinci in na sa a baki kamar auduga.

Abin da na fi riƙewa shi ne maganarsa ta kullum. In kun ɓata ku tsaya inda muka rabu, zan dawo in same ku. To na tsaya. Ko lambu ban ƙara zuwa ba, ko gidan ƙawa, don kada ya zo ba na nan. Wani lokaci da rana in gidan ya yi shiru sai in sauko soro, in dafa bayan ƙofar daidai inda zoben sama yake ta waje, in tsaya haka. Ina son sa, ban taɓa sanin yawan son ba sai da ƙarfen nan ya daina gaishe ni. Si Taufik kuwa bai fasa ba ko rana ɗaya, kullum yana fatan ina shan ruwa isasshe.

Mama ba ta yi min gori ba, abin da ya fi gorin ciwo ke nan. Ta dai fito da kofunan baƙi ta wanke, ta ce mutanen Kaza sun sa ranar Lahadi bayan azahar. Aka ɗauko min kaftanina ruwan zuma mai zaren zinariya a wuya, aka rataye shi a jikin ƙofar ɗakina yana kallona.

Ranar Asabar muka je gidan wanka. Mama ta shige ɗakin zafi, ni na zauna a na tsakiya, sai ga Lalla Zuhur, maƙwabciyarmu wadda tagarta ke kallon tamu, ta jawo bokitinta kusa da ni ta ce in cuɗa mata baya. Ta yi min murna a kan ɗan Kaza, ta ce yanzu ta gane dalili, don ita abin ya daɗe yana cin ta a rai, ta rasa yadda za ta tambayi Mama.

"Dalilin me, Lalla?"

"Dalilin korar mutanen nan mana. Ai ko ba a so, 'yar nan, a buɗe a ba su shayi, a ce Allah bai yi ba. Amma a bar dattijuwa tsaye a rana da sukari a hannu?"

Hannuna ya tsaya a bayanta. Na ce wace dattijuwa? Ta juyo tana dubana kamar ina mata wasa. Ta ce ranar Alhamis ɗin nan da Si Abdulhak ya yi tsawa, wato Baba. Tsohuwa ce 'yar ƙarama cikin jallabiya ruwan madara, da alama daga ƙauye ta zo don takalminta duk ƙura, tana rungume da dunƙulen sukari biyu a cikin shuɗiyar takarda. Da wani dattijo riƙe da kwandon dabino da furanni. Sai saurayin, ya sha sabon ɗinki har ba ta gane shi da farko ba, ashe yaron nan ne mai wushirya da ke kawo Turawa. Ta ce da muryar Baba ta fito, tsohuwar ta gyara riƙon sukarinta ta juya. Shi kuwa ya daɗe yana kallon tagata kafin ya bi su.

'Yan uwa, a cikin zafin gidan wanka na ji sanyi har ƙashina. Ba tsawar Baba ce ta fara zuwar min ba, saƙona ne. Ina ciki ina jin ku, sai da na yi dariya har da hawaye. Ya karanta wannan a ranar da aka kori mahaifiyarsa daga ƙofarmu, wataƙila ma tana zaune kusa da shi a motar komawa Safru. Na zuba wa kaina ruwa don kada a ga abin da ke zuba daga idona. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wa zai yarda ban sani ba?

Ban faɗa wa Mama ba. Na san abin da za ta ce, Allah bai yi ba, kuma ga mutane na hanya. Na gwada kiransa da wayar Lalla Zuhur, yana jin muryata ya kashe.

Lahadi da sassafe Mama ta jera ƙahon barewa a faranti, irin cincin ɗin nan mai cikin almon da ba a karɓar manyan baƙi sai da shi, ta ce in kai gidan gashi in tsaya a kansa kada mai gashin ya ƙona. Na zura jallabiyata ruwan toka, na ɗaura ɗankwali, na kai farantin. Amma ban tsaya ba. Na haura titin Ɗala'a Kabira da sauri har Shuɗiyar Ƙofa, inda 'yan rakiya ke karɓar baƙinsu.

Yana nan. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Faransawa ne a gabansa, yawancinsu tsofaffi, yana musu gargaɗin takalmi da alfadari. Da ya zo kan na ƙarshe, in kun ɓata ku tsaya inda muka rabu, idonsa ya faɗa kaina a bayan ayarin. Maganar ta maƙale masa. Ya kawar da kai, ya ɗaga hannu ya ce su biyo shi.

Na bi su. Ni da aka haifa a garin nan, na bi ɗan rakiya yana nuna min shi. Na shiga tsohuwar makaranta na ɗaga kai ina kallon sassaƙa tare da su, na tsaya a bakin masallacin Ƙarawiyyin suna leƙe, na wuce ta wajen maƙeran tagulla, har ganyen na'ana'a aka miƙo min a majema na karɓa. Ko sau ɗaya bai dube ni ba, amma na lura yau ba ya ba da dariya, kuma bai ƙara wa ko gini ɗaya shekaru ba. Da muka biyo ta gidan gashi na faɗa na ɗauko farantina, Allah ya taimake ni bai ƙone ba. Na dawo cikin ayarin da shi a hannu, tsofaffin suka yi ta murna suna neman izinin ɗaukar hotona.

A mararrabar da ke kaiwa lungunmu ya karkata hagu, hanyar da ya koma bi ke nan. Na matsa kusa da wata tsohuwa mai jar hula da ta fi kowa tambaya, na raɗa mata da Faransanci cewa nan kusa akwai ƙofa mai zobe biyu, wanda bai gan ta ba bai ga Fas ba. Ai kuwa ta ɗaga murya ta tambaye shi, sauran suka kama.

Ya tsaya. Ya amsa mata cewa an cire wannan daga cikin zagayen. Sannan ya juyo, karo na farko, ya yi magana da Larabci ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Me kike so kuma? Dariyar ba ta ishe ki ba?"

"Ban san kai da Hajiyarku ne kuka zo ba, Nawfal. Jiya na sani."

"Kin ce kina ciki kina jin mu."

"Ina jin bugunka, na ɗauka Turawa ka kawo. An fi shekara ba a buɗe wa zoben sama a gidanmu, Baba ya hana saboda 'yan rakiya. Na ɓoye maka don kada ka daina bugawa."

Ya zuba min ido. Na ga maganar tana shigarsa a hankali, na ga inda ta tsaya kuma.

"Uwata ba ta taɓa roƙon kowa komai ba," ya ce. "Tun asuba ta yi wanka ta zauna jiran mota. Har yau sukarin na kan kabad ɗinta, ba ta bari a fasa shi ba, ba ta kuma ƙara ambatar sunanki ba."

"Ni zan je in durƙusa mata. Amma yau bayan azahar wasu za su zo da nasu sukarin, wannan farantin nasu ne. Ka ce wanda ya ɓata ya tsaya inda aka rabu. Na tsaya har na gaji, ba ka dawo ba, shi ya sa na fito."

Tsohuwa mai jar hula ta tambaya ko lafiya. Nawfal ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce mata lafiya lau, ya juya ya kama hanyar dama.

Lungunmu bai taɓa yi min tsawo irin na ranar ba. Suka yi cirko-cirko a ƙofarmu kamar kullum, ni ina gefe da faranti. Ya yi jawabinsa, na sama na baƙi, na ƙasa na 'yan gida, muryarsa a dushe. Ya ɗaga hannu zuwa na sama kamar yadda ya saba, ya riƙe shi, bai buga ba. Ya ce wa baƙin wannan zoben ya mutu, su 'yan rakiya suka kashe shi da yawan wasa, yanzu ko mai gaskiya ya buga ba a jin sa. Sai ya sauke hannunsa ya kama ƙaramin, wanda ya sha faɗa wa duniya ba a taɓa shi. Biyu a jere, ɗan dakatawa, ɗaya.

Na ji takun Baba a soro, yana faɗa tun daga ciki, wai tun safe aka aiki mutum gidan gashi kamar an aike shi Makka. Sakata ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe. Ga Baba cikin sabuwar jallabiyarsa ta karɓar baƙi, da jar dara a kai. Ya dubi Turawa, ya dube ni, sannan idonsa ya sauka kan hannun Nawfal da har yanzu ke riƙe da zoben.

"Wannan na 'yan gida ne," in ji Baba, a hankali, irin sanyin da ya fi tsawarsa ban tsoro. "Kai ɗan gidan nan ne?"

Nawfal ya buɗe baki zai amsa. Ni da ban taɓa mayar wa Baba magana ba tun da aka haife ni, sai na ji muryata ta riga ni.

"Baba, ranar Alhamis ɗin da ka ce a je a nemi wata ƙofar, shi ne da mahaifiyarsa, da sukarinsu. Da an buɗe musu, da yanzu ya zama."

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Mutum ne da zai yafe maka komai ban da wulaƙanta baƙo, ga shi an ce shi ya yi. Ya dubi zoben sama ya daɗe, ya dubi farantin da ke hannuna. Bai rufe ƙofar ba, bai kuma kauce daga bakinta ba.

Daga tsakar gida Mama ta ɗaga murya, ba ta san abin da ake ciki ba, cike da murna.

"Gizlan ce? Ta yi maza ta sa kaftaninta, mutanen Kaza sun kira, sun iso Shuɗiyar Ƙofa."